Kafin ka koma gida daga doguwar tafiya, ga yadda zaka yi amfani da satin ƙarshe

Wannan na masu doguwar tafiya da jakar goyo ne, irin waɗanda suka fita ta bodar Seme suka bi gaɓar teku, Kwatano, Lome, Akra, Abijan, wasu suka haura Gini da Gambiya, yanzu gasu a Dakar kuɗi ya fara ja da baya kuma kullum aka yi waya da gida maganar ɗaya ce, yaushe zaka dawo. Shawarata gareka ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, kar ka yi ta gudu daga tasha zuwa tasha har ranar da zaka hau jirgi. Ka ware sati guda, in ba hali ko kwana huɗu zuwa biyar, ka zauna a gari ɗaya ba don yawon buɗe ido ba, don ka yi lissafin tafiyar da kanka. Dalili kuwa shine da zarar ka dira gida shikenan, 'yan sannu da zuwa, rabon tsaraba, gaisuwar rasuwar da aka yi baka nan, barkar haihuwa, neman abin yi, kafin ka ankara tafiyar watanni ta koma labari uku ko huɗu da kake maimaitawa a majalisa, sauran duk sun bi iska. Kan matafiyi kamar ruwan da aka ɗebo daga rafi ne, sai an ajiye tulun ya kwanta sannan ake ganin abinda ke ƙasa.

Fara da zaɓen wurin zama. Ni dai nafi son ɗaki mai araha a unguwar mutane, inda akwai masallaci kusa da mai shayi da wurin wanki, akan wurin kwanan 'yan yawon duniya inda kullum sabbin fuskoki ke shigowa ana hayaniya har tsakar dare. In a Dakar kake, unguwanni irin su Madina ko Yoff sun isheka. In kana son wuri mai sanyin rai fiye da haka, Saint-Louis na can arewa, ko ka sauka Kaulaha ka zauna a Madina Baye, garin Shehu Ibrahim Inyass, inda da wuya ka rasa mai jin Hausa saboda mutanen Kano da sauran garuruwanmu sun daɗe suna zuwa ziyara da karatu. Amma ka lura, in ka zauna nesa da Dakar ka dawo kwana ɗaya kafin tashi, domin filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a 2017 ba a cikin gari yake ba, yana Diass, wajen kilomita 50 daga tsakiyar birni, kuma cunkoson Dakar ba abin wasa bane. Wani abu da mutane ke mantawa: a mazhabar Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, kasaru ta yanke, sai ka cika sallarka. Wannan kaɗai ma yana sa jiki ya gane cewa an daina gudu.

Ranar farko kar ka rubuta komai. Ka yi wanki, ka shanya jakar nan a rana, ka yi aski ko kitso, ka yi barci. Gajiyar motocin sept-place ɗin nan, tsofaffin Peugeot masu ɗaukar mutum bakwai, musamman in kujerar can baya ka riƙa samu, bata fita a dare ɗaya.

Rana ta biyu sai ka ɗauko fasfo. Shine littafin tarihin da baya ƙarya. Ka buɗe shi shafi shafi ka bi hatimin shiga da fita da kwanan watansu, Seme, Hillacondji, Aflao, Elubo da Noé, har zuwa na ƙarshe, ka rubuta su a jere a littafi, kowace boda da layinta, ka bar fili a ƙasan kowanne. Zaka sha mamaki, domin ƙwaƙwalwa tana cakuɗa abubuwa, garin da kake ji kamar ka yi wata a cikinsa sai kaga kwana kaɗan ne, wanda kuma ka daɗe a ciki ya ɓace maka gaba ɗaya. A ƙarƙashin kowace ƙasa ka rubuta garuruwan da ka kwana, a ƙarƙashin kowane gari ka amsa tambayoyi masu sauƙi, ina na kwana, wa ya karɓe ni, me na ci, nawa na kashe, me ya bani tsoro. Kar ka tsaya gyara jimla. In rubutu na baka wuya ka kunna rikoda a waya ka yi ta magana kamar kana ba ƙaninka labari, gari ɗaya fayil ɗaya, ka sa masa sunan garin. Ƙananan abubuwa su ne suke fara guduwa, don haka su zaka fara kamawa: yadda ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, a Kwatano ya ratsa da kai ta cikin kasuwar Dantokpa, ƙamshin acheke, abincin garin rogo, da soyayyen kifi a unguwar Treichville ta Abijan, hayaniyar kasuwar Kejetia a Kumasi, yaron mota a tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya ta Ghana, yana kiran sunan unguwa da wata irin waƙa, ɗacin kofin farko na shayin ataya da zaƙin na uku. Manyan wurare kam hotonsu na intanet ko yaushe, amma waɗannan in suka tafi sun tafi.

Inda nake so ka fi daɗewa shine maganar mutane. Ka buɗe sabon shafi ka rubuta sunan duk wanda ya yi maka alheri a hanya, ko baka san cikakken sunansa ba, ka rubuta shi yadda ka sanshi, mai shayin tashar Aflao, Hajiyar da ta baka tabarma a zango, direban da ya tsaya maka a wajen jandarma, limamin da ya ce ka kwana a soron gidansa. Duk wanda ya bi hanyar nan ya san cewa rabin tafiyar a kan bayan mutanen zango aka yi ta. Ka shiga Nima ko Sabon Zango a Akra, ko zangon Kumasi, ka yi sallama da Hausa, sai kaji an amsa, an tambayeka daga wane gari, an ce kakan wane ma daga can ya zo fataucin goro, kafin ka gama bayani an kawo abinci. Mutanen nan basu biɗi komai a wajenka ba, kuma yawancinsu ba masu hali bane. To haƙƙinsu ne ka waiwaye su kafin ka bar yankin. Ka bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, mai WhatsApp ka tura masa saƙon murya, ba rubutu ba, yaji muryarka kana cewa Baba na gama tafiya lafiya zan koma gida ranar kaza, Allah ya saka da alheri, a gaida Inna da yara. Tsohon da bashi da babbar waya ka sa kati ka kira shi tun kana da layin ƙasar ko na maƙwabciyarta, domin in ka koma gida kiran zai yi tsada kuma zaka yi ta ɗagawa.

A gefen kowane suna ka rubuta alƙawarin da ka ɗauka. Matafiyi bakinsa da saurin alƙawari yake, zan turo maka hotunan, zan nemo maka ɗan'uwanka a Kurna, zan aiko da littafi kaza, zan tambayo maka kuɗin makaranta a wajenmu. Lokacin da kake faɗa da gaske kake, su kuma sun riƙe. Wanda zaka iya cikawa yanzu, kamar tura hoto, ka cika a daren nan. Wanda sai ka koma gida ka sa masa rana. Wanda kuma ka san ba zaka iya ba ka kira mutumin ka gaya masa gaskiya ka nemi afuwa, ya fi ka barshi yana jira. Haka bashi, ko na jika ɗaya ne na sefa. A Sanagal akwai Wave da Orange Money, a Ghana akwai MoMo, tura kuɗi a cikin ƙasa ba wuya, amma daga Najeriya sai ka nemi ɗan canji da mai tafiya, abu ya zama aiki. In kuma akwai wanda ka ɓata wa rai, abokin tafiya da kuka rabu ba daɗi saboda lissafin kuɗin mota ko wani abu makamancin haka, wannan satin ne lokacin da zuciya ta fi laushi, ka yi amfani da shi.

Sai lissafin kuɗi, wanda mutane ke gudu. Ka zazzage duk aljihunan jaka a kan gado, zaka ga tarkacen kuɗi kala kala, sidi na Ghana, faran na Gini masu yawan sifili, dalasi na Gambiya, wataƙila da liyon na Saliyo, ga sefa. Ka ware su. Sefa ta yammacin Afirka ƙasashe 8 ke amfani da ita, Benin, Togo, Kwaddibuwa, Sanagal, Mali, Burkina Faso, Nijar da Gini Bisau, kuma a ɗaure take da yuro, 655.957 a yuro ɗaya, don haka bata lalacewa a hannu kuma 'yan canjinmu na Wapa da Zone 4 sun santa. Sauran kuwa, musamman faran na Gini da dalasi da liyon, in ka kai su gida da wuya ka samu mai karɓa da daraja, gara ka canza su tun kana kusa da ƙasarsu ko ka ba wani matafiyi da zai nufi can. Silalla ba mai canza maka, ka yi sadaka da su ko ka ajiye wa yara. Bayan nan ka haɗa jimillar abinda ka kashe gaba ɗaya, ka raba gida gida, mota, kwana, abinci, data, asibiti, da abinda aka karɓa a boda ba rasit. Wannan na ƙarshen ka rubuta shi daban. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90, amma duk wanda ya bi ta ƙasa ya san takarda daban hanya daban. Lissafin zai amfane ka, zai kuma amfani duk wanda ya zo neman shawara wajenka gobe, domin kimanin da mutum ke faɗa da ka kullum ƙasa yake da abinda ya fita a aljihu.

In kana da ramuwar azumi saboda tafiyar ta ratsa Ramadan, ko sallolin da suka kuɓuce a cikin mota, ka ƙirga su yanzu ka rubuta, tun baka fara shakkar adadin ba.

Hotuna kuma ka ba su yamma ɗaya. Ka nemi wuri mai wifi mai ƙarfi ka ɗora su a Google Photos ko makamancinsa, ka kuma kwafe a memori ko filash ka ajiye a aljihun da ba na wayar ba, waya tana ɓata a ranar ƙarshe kamar yadda take ɓata a ranar farko. Ka goge maimaici. Sannan dan Allah kafin ka watsa hoton cikin gidan mutane, matansu da 'ya'yansu, a Facebook ko TikTok, ka tambaye su. Sun buɗe maka gida ne a matsayin baƙo, ba su buɗe wa duniya ba.

Yanzu ga mai wuyar. Bayan ka gama da fasfo da kuɗi da sunaye, ka fita bakin teku da yamma ko ka zauna a masallaci bayan la'asar, ka kashe data, ka tambayi kanka abubuwan da ba a rubutawa a jere. Me na fita nema, na same shi kuwa? Wane ra'ayi na tafi da shi akan wasu mutane da tafiyar ta rushe? Me na gani a wata ƙasa da ya sa naji kunyar yadda muke yi a gida, me kuma na gani da ya sa na gode wa Allah da gidan? Wane hali ne ya fito min da ban san ina da shi ba lokacin da yunwa da gajiya da ƙarancin kuɗi suka haɗu? Ka raba abinda idonka ya gani da abinda aka baka labari a mota, gani ya kori ji, amma ganin sati ɗaya ma bai isa ka yanke wa al'umma guda hukunci ba, don haka in zaka rubuta ka ce mutumin da na haɗu da shi a gari kaza ya yi min kaza, kar ka ce mutanen ƙasa kaza haka suke. Akwai wuraren da suke da nauyi a zuciya waɗanda a lokacin ka wuce su da sauri saboda mota na jira, kurkukun ƙasa na bayi a gidan Elmina na Ghana da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi a Cape Coast, tsibirin Gorée da ke nan kusa, minti 20 a jirgin ruwa daga Dakar. In ka je Salaga a arewacin Ghana ka san nauyin ya fi kusa da mu, domin kasuwar da fataken Hausa ke zuwa sarin goro ita ce kuma babbar kasuwar bayi a zamaninta. Irin wannan ba a warware shi a zama ɗaya, amma ka bashi lokacinsa, ka rubuta abinda kaji ko da layi biyu ne, kar ka bari ya zama hoto kawai a waya.

Daga nan sai ka shirya labarin da zaka bayar a gida, kuma wannan nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Ƙannenka da yaran unguwa zasu zauna su saurareka, kuma wani a cikinsu zai gina shawarar rayuwarsa akan abinda ka faɗa. In ka ba da daɗin kawai, teku da manyan gine ginen Plateau na Abijan da shinkafar cebu jen mai kifi ta Sanagal, ka ɓoye daren da ka kwana a benci a tasha da zazzaɓi, ka cuce shi. Duk wanda ya zaga Sanagal da Gambiya zai haɗu da samari, wasu 'yan ƙasarmu, da suka maƙale shekara da shekaru suna jiran kwale kwalen da zai kai su tsibiran Kanari na Sifen, hanyar da ta ci rayukan dubban mutane, ba kuɗin gaba ba na komawa, kunya ta hana su kiran gida. Kai da ka fita da fasfo da kuɗin guzuri da ranar dawowa, tafiyarka daban ce da tasu, to ka bayyana wannan bambancin ƙarara in kana ba da labari. Ka faɗi nawa ka tara kafin ka fita, ka faɗi inda ka sha wuya, ka faɗi cewa waɗanda ka gani a zango suna da rufin asiri shekaru suka yi suna fama. Sannan ka san wa zaka ba wane labari, Mama bata buƙatar jin duk haɗarin da ka tsallake a rana ta farko, ita dai ta ganka lafiya, amma abokin da ke shirin bin sawunka yana buƙatar ji duka.

Tsaraba ka barta sai kwana biyun ƙarshe, bayan ka ware kuɗin mota daga filin jirgi zuwa gida da ɗan abin riƙewa na satin farko, wannan kuɗin kar ka taɓa shi ko me ka gani. Ka rubuta sunayen waɗanda dole ne, iyaye, kakanni, wanda ya riƙe maka shago ko ya kula da iyalinka, sauran kuma abu ɗaya mai rabuwa ya ishe su. A Dakar kasuwar HLM ta yadi ce, Sandaga kuma komai da komai, garin kofi na Tuba da turaren wuta na cuurai basu da nauyi kuma suna rabuwa. Ka duba tikitinka kaga kilo nawa aka baka, yawanci jaka ɗaya kilo 23 ce amma kamfani kamfani ne. Pawa bank a jakar hannu yake tafiya, wuƙa da almakashi a jakar da za a auna, ruwa ko turare da ya wuce mil 100 ba a shiga da shi a hannu. Kayan da suka gama aikinsu, gidan sauro, bargo, tsohon takalmi, ka ba wanda ke buƙata a nan, ba sai ka biya kuɗin kilo akansu ba. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ka haɗa shi da fasfo a wuri ɗaya, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa amma katin ake tambaya ba labari ba. In kuma ta ƙasa zaka koma, ka tambayi direbobi a tasha halin da hanya take ciki a satin nan, musamman in tunaninka ya kai ga ratsawa ta Mali ko Burkina, inda matsalar tsaro ta yi tsanani kuma ƙasashen sun fice daga ECOWAS tare da Nijar a Janairun 2025. Hanyar gaɓar teku ta fi tsawo amma ni ita zan ce ka bi.

Ka sanar da gida rana da lokacin isowarka, kar ka ce zaka yi musu ba zata da tsakar dare, sunna ma ta hana matafiyin da ya daɗe ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, kuma ta koyar da a fara biyawa masallaci a yi raka'a biyu. Ka shirya ranka cewa gida bai tsaya jiranka ba, farashin komai ya canza, wasu sun yi aure, wasu sun rasu, abokai zasu saurari labarinka na minti goma su koma hirar ƙwallo da siyasa, kuma wannan ba rashin ƙauna bane. Bayan murnar kwanakin farko mutane da yawa kan ji wani irin kasala da ƙunci, ɗaki ya yi musu ƙanƙanta, ƙafa tana ƙaiƙayin tafiya. Saboda haka tun kana can ka rubuta abu biyu ko uku da zaka fara a watan farko, na zahiri masu rana, komawa wajen aiki ranar kaza, ci gaba da Faransancin da ka fara tsinta a hanya, zuwa gaida iyalan wanda ya baka saƙo daga zango. Sai lafiyar jiki: in zazzaɓi ya kamaka a makonnin farko bayan dawowa kar ka ce gajiyar hanya ce ka sha farasitamol ka kwanta, ka je a yi maka gwajin maleriya, ka kuma lissafa wa likita ƙasashen da ka bi, jerin da ka kwafa daga fasfo ɗin nan shi zaka nuna masa. Ranar da ka isa kuma, kafin wayar ta cika da kiran 'yan uwa, ka koma kan shafin sunayen nan ka tura wa kowa saƙo cewa ka sauka lafiya, domin akwai tsofaffi a cikinsu da suke sa ka a addu'a tun ranar da ka bar ƙofar gidansu kuma suna jiran su ji.